Ka Biya Kuɗi, Makulli na Hannun Kamfani: Makomar Tsofaffin Bugun Dungeons & Dragons

Mutum biyar ne zagaye da tebur, irin zaman da ake yi duk ƙarshen mako a dubban gidaje a Amurka da Turai. An shimfiɗa taswira mai gida-gida kamar littafin lissafi, a kanta ga 'yan mutum-mutumi da ba su fi ɗan yatsa tsawo ba. Ɗaya daga cikin mutanen ya kare takardunsa da kwali don kada a leƙa. Shi ne mai jan labari.

Ya ce musu sun iso bakin wani kogo, ƙofar ƙarfe ce a garƙame, kuma ana jin numfashin wani abu daga ciki. Sai ya juya ga wadda ke kusa da shi ya ce, "To, me za ki yi?"

Ta ce za ta gwada buɗe kwaɗon. Ta ɗauki dayis mai fuska 20 ta wurga, ya tsaya a kan 14. Kafin a san ko ƙofar ta buɗe, sai an haɗa wannan 14 da wani adadi da ke cikin takardar jarumarta, gwargwadon ƙwarewar da aka ba ta a buɗe makullai.

Shekara 30 baya, takardar a gabanta take, an cike ta da fensir, duk ta yi dabbare-dabbaren gogewa. Yau wayarta ta ɗauka. Takardar na can ajiye a kwamfutocin kamfani, kamfanin ne ke yi mata lissafin, kuma akwai yiwuwar wani a teburin yana biyan kuɗi duk wata don kowa ya samu shiga littattafan.

Sauƙi ya samu, babu musu. Sai dai tambayar da ta hana 'yan wasan nan barci a 'yan shekarun nan ita ce: ranar da kamfani ya fitar da sabon bugu, ina makomar wanda yake son ya ci gaba da tsohon?

Wasan da ake yi da baki

Dungeons & Dragons ya fito ne a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, ƙarƙashin wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. 'Yan littattafai uku ne a cikin kwali, an buga kusan kwafi dubu ɗaya, ana sayarwa dala 10.

Wanda bai taɓa gani ba ya ɗauke shi kamar tatsuniya wadda masu sauraro ke da bakin magana a ciki. Kowa ya ƙirƙiri jarumi, ko mayaƙi ko boka ko ɓarawo, mai jan labari ya riƙe sauran duniya da dodanninta, dayis kuma ya raba gardama. Babu allo na dole, babu wanda ya ci ko aka cinye. Labari ɗaya kan ɗauki wata shida, wani shekara biyar, ana haɗuwa mako-mako.

Dokokin sun sha sauyi. An yi babban bugu tsakanin 1977 da 1979, na biyu a 1989. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR bayan bashi ya durƙusar da shi, shi ma Hasbro ya saye shi a 1999. Bugu na uku ya zo a 2000, aka yi masa kwaskwarima a 2003. Na huɗu a 2008, na biyar a 2014, sai gyararren na biyar da aka fara fitarwa a 2024.

Kowane bugu ya bar mutanensa a baya. Akwai dattawan da har yau ba su yarda an yi wanda ya kai wani bugun da aka fitar a 1981 ba. Akwai waɗanda suka tashi da na uku, suka haddace shi kamar karatun allo. A zamanin takarda wannan bai zama damuwa ba. Kamfani ya daina bugawa, kai kuma littafinka na kan kanta, ka kira abokanka ku ci gaba.

Darasin bugu na huɗu

Wanda ke son ganin yadda abin ke ƙarewa ya dubi bugu na huɗu. Shi ne na farko da aka gina tare da tsarin biyan wata-wata, mai suna D&D Insider. Da kimanin dala 10 a wata, ko ƙasa da haka ga mai biyan na shekara, mutum na samun rumbun da ya tattara kusan duk dokokin wasan, da manhajar haɗa jarumi, da mujallun Dragon da Dungeon waɗanda aka daina bugawa a takarda a 2007.

Manhajar haɗa jarumin ita ce zuciyar abin. Bugu na huɗu yana da dubban dabarun faɗa da baiwa da kayan sihiri, warwatse a littattafai da dama, kuma kamfani na yawan gyara su bayan an riga an buga. Littafin da ke hannunka kan faɗi abu ɗaya, gyaran da aka fitar daga baya ya faɗi wani. Manhajar ce kaɗai ke riƙe da na ƙarshe. Ka zaɓi abin da kake so, ta yi lissafi, ta fitar maka da katuna a shirye ka buga.

Da farko mutum na sauke ta a kwamfutarsa. A ƙarshen 2010 aka mayar da ita ta intanet zalla, aka ɗora ta a kan wata fasahar Microsoft mai suna Silverlight. Daga ranar, in ba ka biya ba, ba ka ganin jarumanka. Teburin wasa na intanet da aka yi ta tallarsa tun farko kuwa bai wuce matakin gwaji ba, aka watsar da shi a 2012.

Da bugu na biyar ya fito a 2014, aka daina ƙara wa tsarin komai, amma aka bar shi a buɗe fiye da shekara biyar. A yi wa kamfanin adalci, wannan ba ƙaramin lokaci ba ne. Sai dai Microsoft ta juya wa Silverlight baya, manhajojin shiga intanet suka daina karɓarta ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Janairun 2020 aka rufe D&D Insider.

Littattafan bugu na huɗu suna nan, ana ma sayar da su. Amma wasa ne da aka ɗinka shi daidai jikin manhaja, aka zo aka cire manhajar. Masu sonsa na ci gaba da yi, wasu da takarda da haƙuri, wasu da waccan tsohuwar manhaja ta saukewa da suke miƙa wa juna hannu da hannu suna yi mata faci, ba tare da wani izini ba. Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne, bugun 1974 ya fi na 2008 sauƙin bugawa a yau yadda aka tsara shi, duk da tazarar shekara 34 da ke tsakaninsu.

Sabon gida, tsohuwar fargaba

D&D Beyond, sabon dandalin intanet na wasan, ya buɗe a 2017 don bugu na biyar. Wani kamfani daban ne, Curse, ya gina shi da lasisi, daga baya ya koma hannun Fandom, sannan Hasbro ya saye shi a 2022 a kan kusan dala miliyan 146. Masu rajista sun haura miliyan goma.

Tsarinsa ya bambanta da na baya. Littattafai daban ake sayensu, kowanne wajen dala 30. Kuɗin wata kuma, 'yan daloli ne, yana buɗe wasu ƙofofi. Mafi muhimmanci a cikinsu, mai biyan babban mataki na iya raba littattafansa da duk 'yan teburinsa. Shi ya sa sau da yawa mai jan labari ne ke ɗauke da nauyin, ya sayi littattafai na ɗaruruwan daloli a hankali, sauran su ci albarkacinsa.

Dandalin bai taɓa ɗaukar bugu na ɗaya zuwa na huɗu ba. In kamfanin ya waiwayi tsofaffin labarai, sabunta su yake yi zuwa dokokin yau, kamar yadda ya yi a Tales from the Yawning Portal a 2017. Wannan bai dame yawancin mutane ba, tunda na biyar suke bugawa. Hankali ya fara tashi ne da na biyar ɗin kansa ya fara tsufa.

A watan Mayun 2022 aka janye littattafai biyu daga kasuwar dandalin, Volo's Guide to Monsters da Mordenkainen's Tome of Foes, saboda an fitar da wani da ya maye gurbinsu. Wanda ya riga ya saya yana nan da abinsa, an dai manna masa alamar tsohon kaya. Wanda bai saya ba, ƙofa ta rufe. A 2024 kuma aka soke sayen ɗai-ɗai, wanda a da yake ba mutum damar ɗaukar sihiri ɗaya ko nau'in jarumi ɗaya da dala biyu maimakon littafi sukutum.

Makon da aka yi ca

A watan Agustan 2024, ana saura 'yan makonni sabon Player's Handbook ya fito, kamfanin ya sanar da yadda dandalin zai sauya. A cikin bayanin aka ga cewa sihirce-sihirce da kayan tsafi na 2014 za su koma na 2024 a takardun jarumai kai tsaye. Tsohon rubutun zai ci gaba da zama a littafi don karantawa, amma wanda ke son amfani da shi a takardarsa sai ya zauna ya sake shigar da shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Na waje zai ga kamar ƙaramin abu ne. A duba kusa. Sihirin warkar da rauni mai suna Cure Wounds, a dokar 2014 dayis ɗaya ake wurgawa mai fuska takwas, a ta 2024 biyu ne. Mai jan labarin da ya auna ƙarfin dodanninsa da tsohon lissafi, aikinsa ya karkace. Wani sihirin, Conjure Animals, a da yana kira wa boka dabbobi na zahiri, har kyarketai takwas, kowanne da motsinsa a fagen fama. A sabon tsari ya zama tarin ruhohi guda mai cutar da duk wanda ya kusance shi. Wadda ta shekara biyu tana wasa da jarumar da aka sani da kyarketanta za ta wayi gari ta tarar an canza mata mutum a tsakiyar labari, ba ta nema ba, teburinsu bai yanke shawara ba.

Mutane suka yi ca. Wasu suka soke kuɗin wata, wasu suka ce an yi haka ne don a tura su sayen sabon littafi. Ba a yi mako guda ba kamfanin ya janye, ya ce na 2014 zai zauna kusa da na 2024, kowa ya zaɓi wanda yake so.

Ba wannan ne karon farko da aka taka wa kamfanin birki da aljihu ba. A Janairun 2023 asiri ya tonu cewa yana shirin soke lasisin nan na 2000 da ya ba kowa damar buga littattafai a kan ginshiƙin dokokin wasan. Makamin da 'yan wasa suka ɗauka shi ne soke rajistar D&D Beyond, domin lamba ce da manyan kamfani ke gani nan take. Kafin watan ya ƙare, kamfanin ya bar tsohon lasisin yadda yake, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa.

Hujjar kamfani

Ɓangaren kamfani ma yana da abin faɗa, kuma ba duka ne son kuɗi ba. Littafin takarda in an buga an gama. Manhaja kuwa kullum tana cin kuɗi. Kowane sihiri sai an rubuta masa umarnin da kwamfuta za ta gane, a gwada shi da ɗaruruwan wasu dokoki, a gyara in ya karye. Riƙe tsari biyu a takarda ɗaya ninka aiki ne, kuma yana rikita sabon shiga, wanda zai nemi sihiri ya ga biyu masu suna ɗaya. A ce a ƙara bugu huɗu na baya, kowanne da lissafinsa daban, don mutanen da ba su kai kaso kaɗan na kasuwa ba, da wuya wani akanta ya sa hannu.

Akwai kuma tabon tarihi. Masu bin diddigin faɗuwar TSR, irin su Ben Riggs a littafinsa Slaying the Dragon, sun nuna yadda kamfanin ya rarraba masu sayensa a duniyoyin wasa barkatai a shekarun 1990, kowace na cin kasuwar 'yar'uwarta. Tun daga nan magadansa ke tsoron raba jama'a gida-gida.

Sai dai akwai maganar da 'yan wasa ba su manta ba. A Disambar 2022, shugabar Wizards of the Coast ta lokacin, Cynthia Williams, ta gaya wa masu zuba jari cewa ba a tatsar kuɗi daga wasan yadda ya kamata, domin masu jan labari, kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan wasa, su ne ke yawancin saye. Manufar ita ce a samo hanyar da kowa a teburin zai riƙa biya a kai a kai. Wanda ya gamsu da tsohon bugunsa, ya mallaki littattafansa, ba ya cikin wannan lissafi.

Saye ne ko haya?

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Dikodar talabijin taka ce, kai ka saya, amma ranar da kuɗin wata ya ƙare allo ya yi shuɗi. Bambancin shi ne mai dikoda ya san haya yake yi. Wanda ya danna maɓallin da aka rubuta "saya" a kan littafin dala 30 yana zaton ya mallaka ne, alhali izinin karantawa aka ba shi muddin dandalin na raye. Manhajar waya na barin a sauke littafi a karanta ba intanet, amma a cikinta kawai. Manyan littattafan bugu na biyar ba a sayar da su a matsayin PDF.

Fargabar ba ta banza ba ce. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafan intanet, littattafan da mutane suka saya suka ɓace daga na'urorinsu, aka mayar musu da kuɗi. Jihar Kalifoniya ta kafa doka da ta fara aiki a 2025, wadda ta tilasta wa masu sayar da kayan intanet su fito fili su faɗa in lasisi ne kawai suke bayarwa.

Abin mamaki, tsofaffin bugun ne suka fi samun 'yanci ta wannan fuska, ko da yake su ma sun ga tasku. A Afrilun 2009 kamfanin ya janye duk PDF ɗinsa daga kasuwa dare ɗaya saboda masu satar fasaha. Sai a farkon 2013 ya dawo da su ta hannun shagon intanet na DriveThruRPG. Yau ana iya sayen littattafan 1978 ko na 1989 da 'yan daloli, a sauke a ajiye, wasu ma a sa a buga a takarda a aiko. Tun 2020 ana haɗa su da gargaɗin cewa wasu na ɗauke da ra'ayoyin wariyar launi da jinsi na zamaninsu. PDF dai ba ya lissafi, ba ya cike takardar jarumi, amma ba wanda zai shigo cikin dare ya canza maka shi.

Waɗanda suka nemi wata hanya

Inda kamfani ya bari, wasu sun ɗauka. Da aka bar bugu na uku, kamfanin Paizo ya yi amfani da lasisin 2000 ya fitar da Pathfinder a 2009, ya kwashi ɗimbin waɗanda ba su gamsu da na huɗu ba. Dokokin Pathfinder kyauta suke a rumbun Archives of Nethys, wanda masu son wasan suka fara kafin ya zama abokin aikin Paizo. Da bugu na biyu na Pathfinder ya fito a 2019, na farkon bai gushe daga rumbun ba. Paizo na sayar da littattafai da labarai, bai dogara da kulle dokoki ba, kuma yana nan da ransa.

Masu son salon dā su ma sun sake rubuta tsofaffin dokoki da kalmominsu ƙarƙashin wannan lasisi. OSRIC ya fito a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008, daga baya Old-School Essentials, wanda ya tsara dokokin 1981 tsaf har ya fi na asali sauƙin dubawa. Da yawansu akwai kwafin kyauta.

A teburan intanet, Fantasy Grounds na sayar da littattafan bugu na biyu na 1989 da lasisi, da lissafinsu a ciki. Roll20 na da takardun jarumai na tsofaffin bugu, yawanci 'yan sa-kai suka gina. Foundry kuwa sau ɗaya ake biya, dala 50, ka ɗora a kwamfutarka, abin da ya ja masa waɗanda suka gaji da kuɗin wata.

Bugu na huɗu ne maraya a nan ma. Lasisin da aka fitar da shi a kai ya fi na 2000 tsauri nesa ba kusa ba, don haka gina masa gida a fili ya yi wuya, ba kamar yadda aka yi wa sauran ba.

A ganina ba hakki ba ne a ce kamfani ya ciyar da kowane bugu har abada. Abin da ke hakki shi ne, kafin ya rufe ƙofa ya miƙa wa mutane kayansu: littafin da suka biya a fayil da za su ajiye, jarumansu a sigar da wata manhaja za ta karanta, da izini ga masu son ci gaba da aikin. Da an yi wa D&D Insider haka a 2019, da 'yan sa-kai sun riƙe shi ba tare da kamfanin ya kashe ko sisi ba. An taɓa yin irinsa ma. A 1999 an fitar da fitowa 250 na farko na mujallar Dragon a faifan CD, kuma wanda ya adana nasa yana karantawa har gobe.

A yanzu dokokin 2014 na aiki a D&D Beyond, sai dai mutum ya kunna zaɓin tsohon kaya wajen haɗa jarumi. Shawarar kamfani ce ta bar shi, matsin 'yan wasa ne ya jawo ta. Sabon teburin intanet na kamfanin mai suna Sigil, wanda aka kashe masa shekaru, an buɗe shi a farkon 2025, cikin 'yan makonni aka sallami yawancin ma'aikatansa.

Gygax ya rasu a 2008, Arneson a 2009. Duk watan Maris ana taron Gary Con a Lake Geneva don tunawa da Gygax, inda dubban mutane ke cika ɗakunan otal. A wasu teburan ana buga sabon bugu da wayoyi a hannu. A wasu kuma 'yan littattafan nan uku na 1974 ne a buɗe, bangonsu ya yi laushi, ana raba fararen takardu da fensir ga duk wanda ya zauna.